Raddi ga masu cewa hukuncin Hobby Lobby zalunci ne ga mata

Tun ranar 30 ga Yuni, 2014, da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Hobby Lobby, zance ɗaya ake ta nanatawa: wai alƙalai biyar sun bai wa mai kamfani ikon hana ma'aikaciyarsa maganin hana ɗaukar ciki da sunan addini. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne. Jagorarsu marigayiya Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ce, wadda ta rubuta ra'ayin ɓangaren da ya saɓa, kuma kusan duk hujjar da ke bakinsu daga wajenta suka samo. Saboda haka ya dace a bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Ga asalin rigimar. A Amurka galibin ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Bayan dokar lafiya ta Obama ta 2010, ma'aikatar lafiya ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su saka hanyoyin hana ɗaukar ciki 20 a cikin inshorar, ba tare da mace ta ƙara ko sisi ba. Iyalan Green na jihar Oklahoma, masu Hobby Lobby, Kiristoci ne 'yan bishara. Sun yarda da 16, suka ƙi 4: ƙwayoyin gaggawa iri biyu da robar mahaifa iri biyu, domin a aƙidarsu rai yana farawa ne tun haɗuwar maniyyi da ƙwai. Tarar ƙin bin umarnin dala 100 ce kullum a kan kowane ma'aikaci, wato kimanin dala miliyan 475 a shekara ga wannan kamfani.

Abin da masu sukar hukuncin suka fara cewa shi ne kamfani ba mutum ba ne, ba ya sallah, ba ya zuwa coci, to ina ya samu addinin da za a tauye? Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta tsayawa. Gwamnatin da kanta ta amince cewa coci ko asibitin mishan da aka yi wa rajista yana iya neman kariyar dokar 'yancin addini ta 1993, wadda iyalan Green suka dogara da ita. Ke nan rajista ba ta kore addini. Abin da ya rage shi ne riba. To yaushe neman halal ya zama sharaɗin ajiye imani a bakin ƙofa? Shagunan Hobby Lobby a rufe suke ran Lahadi, alhali ranar ciniki ce. Mu ma nan mun san bankin Jaiz, kamfani ne mai neman riba, kuma ba wanda zai ce ƙin kuɗin ruwa da yake yi ba addini ba ne. Hukuncin ma bai shafi kowane kamfani ba, sai wanda ke hannun mutane ƙalilan, kamar iyali guda. Abin lura, biyu daga cikin alƙalan da suka saɓa, Breyer da Kagan, ba su bi Ginsburg a kan wannan gaɓa ba.

Sai masu sukar suka ce, to ai inshora haƙƙin ma'aikaciya ce kamar albashi. Da zarar ta shiga hannunta, abin da ta yi da ita tsakaninta ne da likitanta. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma a nan ne ya kamata a tsaya. Albashi kuɗi ne tsurarsu, mai gida bai san inda za su tafi ba, bai kuma sa hannu a kan komai ba. Inshora kuwa yarjejeniya ce da shi kansa zai ƙulla, da jerin abubuwan da aka ambata da sunansu, ya sa hannu, ya biya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san wannan bambanci. Malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda ka tabbata giya zai yi da shi, alhali ba su hana ka biyan lebura ladansa ba don tsoron kada ya kai shi mashaya. Tambayar inda hannun mutum yake ƙarewa a laifin wani tsohuwa ce a kowane addini, kuma ba alƙali ne zai amsa wa mai imani ita ba. Kotun ta faɗi haka tun 1981, a shari'ar wani Mashaidin Jehobah mai suna Thomas da ya yarda ya yi aikin narka ƙarfe amma ya ƙi ƙera sassan tankar yaƙi. Inda ya ja layinsa, kotu ta ce ba aikinta ba ne ta ce bai dace ba.

Wannan amsar ita ce ta masu cewa kimiyya ta nuna ƙwayoyin ba sa zubar da ciki. Gaskiya ne a ƙarshen 2022 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gyara takardar Plan B, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gaggawar, ta ce ba ya hana ƙwai maƙalewa a mahaifa. Amma lokacin shari'ar takardar hukumar ce da kanta take cewa yana iya hanawa. Ba a zargin mutum don ya gaskata abin da gwamnati ta rubuta a jikin kwalin magani.

Kada mai karatu ya ɗauka ina haramta tazarar haihuwa ne. Jumhurun malamai sun halatta azalu da yardar mace, kuma duk wanda ya ga halin da haihuwar kunika ke jefa mata ba zai yi wasa da wannan batu ba. Ba halasci ake jayayya a kai ba. Jayayyar ita ce wa za a tilasta wa biya, da hannun wa.

Daga nan sai babbar ƙarar, cewa an cutar da mata. Ginsburg ta kawo cewa kuɗin robar mahaifa ya kusa albashin wata guda na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai dai dokar 1993 ba ta ce addini ya rinjayi komai ba. Cewa ta yi idan gwamnati za ta ɗora wa mai addini nauyi, ta nuna larura mai ƙarfi, ta kuma nuna ba wata hanya da ta fi sauƙi. Hanyar kuwa tana hannunta, domin ta riga ta tsara wa ƙungiyoyin addini marasa neman riba cewa kamfanin inshora ne zai biya kai tsaye, mace ta samu maganinta, mai aiki bai taɓa ba. Me ya hana a shimfiɗa wannan ga iyalan Green? Gwamnatin da ta ƙyale masu ma'aikata ƙasa da 50, ta ƙyale tsofaffin tsare-tsaren inshora masu ɗauke da miliyoyin mutane, da wane baki za ta ce sassauci ga mai addini ne kaɗai ba zai yiwu ba?

Inda zan ba masu sukar gaskiya shi ne abin da ya biyo baya. Sistocin Katolika na ƙungiyar Little Sisters of the Poor, masu kula da tsofaffi matalauta, sun ƙi ko da cike takardar da za ta sa kamfanin inshora ya biya. Gwamnatin Trump ta faɗaɗa rangwamen a 2017, Kotun Ƙoli ta amince a 2020 da alƙalai 7 a kan 2, kuma ƙiyasin gwamnatin kanta shi ne mata 70,500 zuwa 126,400 za su rasa wannan tallafi. Cuta ce, ba a musu. Amma maganinta yana baitulmali. Tun 1970 Amurka take da shirin tarayya na tsarin iyali wanda Shugaba Nixon ya sa wa hannu. Abin da al'umma ta ga ya zama dole, al'umma ta biya da harajinta, wanda ba mai addinin da ke da ikon ƙin bayarwa, kamar yadda kotu ta gaya wa wani ɗan ɗarikar Amish a 1982.

Na ƙarshe, sun ce an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba: gobe wani zai ƙi biyan ƙarin jini, wani rigakafi, wani maganin da ke da sinadarin alade. Alito, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce kowace ƙara da ma'auninta, kuma hana yaɗuwar annoba larura ce ta daban. Abin da masu wannan tsoro ba sa ambata shi ne waɗanda suka shiga ta ƙofar. Wani fursuna Musulmi a jihar Arkansas, Gregory Holt, ya rubuta ƙararsa da hannu yana neman a bar shi da gemu rabin inci, a 2015 alƙalai tara suka ba shi gaskiya bisa wata doka ta 2000 mai ma'auni iri ɗaya. A 2020, a shari'ar Tanvir, kotu ta ce Musulmin da suka yi ƙarar an saka su a jerin waɗanda aka hana shiga jirgi don sun ƙi yi wa hukumar bincike ta FBI leƙen asirin 'yan'uwansu suna da damar neman diyya daga jami'an, ƙarƙashin ita wannan doka ta 1993 da ta kare iyalan Green.

Duk Musulmin da ke fatan a karya wannan doka don ta amfani Kirista mai shaguna, ya sani da ita ɗan'uwansa na Amurka yake zuwa kotu. Hukuncin 2014 daidai ne.