Dangwala Yatsa ba Yarda ba ce: Harshen Hausa da Gwajin Magunguna a Asibitocinmu

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne mai karatu ya yi mamakin ganin zancen asibiti da allura a cikin mujallar Sashen Hausa, inda aka saba tarar da nazarin nahawu da waƙa da al'ada. To, ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi haƙuri su bi ni sannu a hankali. Abin da nake so in nuna a wannan ɗan rubutu shi ne, gwajin sababbin magunguna a jikin mutane abu ne da ba makawa sai an yi shi, amma halascinsa duka ya rataya ne a kan yardar wanda za a gwada a jikinsa. Ita kuwa yarda ba ta samuwa sai an fahimci magana, magana kuma ba ta fahimtuwa sosai sai da harshen da mutum ya sha a nono. Ashe ke nan zancen ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Dalilin yin gwaji

Kafin a amince da sabon magani, sai an fara gwada shi a ɗakin bincike da jikin dabbobi, sa'an nan a jikin mutane kaɗan don a ga ko yana cutarwa, kana a jikin mutane da yawa don a ga ko yana warkarwa. A wannan mataki na ƙarshe akan raba mutanen gida biyu, a ba kashi ɗaya sabon maganin, ɗaya kashin kuwa a ba su wanda aka riga aka sani. Ƙuri'a ake jefawa wajen rabon, domin in an bar wa likita zaɓi, yana iya tura masu ɗan dama-dama zuwa ga maganin da zuciyarsa ta kwanta da shi, ko da bai nufa ba, daga nan sakamakon ya gurɓata.

Ƙasar Hausa ta ci moriyar irin wannan aiki ƙwarai. Dattawanmu sun san yadda sanƙarau yakan sauka da bazara ya kwashe yara, ya bar waɗansu da kurumta. Allurar rigakafin da ake kira MenAfriVac, wadda aka gwada a ƙasashe irin su Mali da Gambiya, aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, sa'an nan a Nijeriya a 2011, ta kusa kawar da nau'in sanƙarau ɗin da ya fi yawan haddasa annoba a da. Haka kuma a Madarunfa ta jihar Maradi aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafin rana a kan jarirai fiye da 3,500, sakamakon da aka bayyana a 2017 ya nuna yana hana wajen kashi biyu cikin uku na tsananin gudawar da ƙwayar cutar rota ke kawowa. Iyayen waɗannan jarirai galibinsu Hausawa ne, kuma gudummawarsu ta amfani 'ya'yan waɗansu ƙasashe. Saboda haka wanda ya ce a daina gwaji gaba ɗaya, ya ce ke nan a zauna da cuta har abada.

Abin da ya auku a Kano

Sai dai kuma akwai labarin da ba ya mantuwa. A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma a Arewa ta fi tsanani. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da ma'aikatansa Asibitin Zana na Kano, watau asibitin cututtuka masu yaɗuwa, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, kimanin rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar seftiriyazon, wadda sananniya ce. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu, waɗansu kuma suka tashi da naƙasa. A daidai wannan lokaci, a cikin wannan asibiti, ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa tana ba marasa lafiya maganin da aka saba da shi.

Maganar ba ta fito fili sosai ba sai a ƙarshen 2000, da jaridar Washington Post ta buga ta. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, wanda rahotonsa na 2001 ya ce gwajin ya saɓa wa doka. An kuma gano cewa takardar da aka nuna ta amincewar kwamitin kula da ɗa'ar bincike an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan watanta baya. Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 aka fara biyan diyya ga waɗansu iyalai. Shi kuwa Trovan, tun 1999 hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da shi, na Turai suka dakatar da shi, saboda lahanin da yake yi wa hanta.

Adalci ya wajabta a kawo ta bakin kamfanin. Ya ce cutar ce ta kashe yaran, ya ce adadin waɗanda suka rayu cikin gwajin ya fi na sauran majinyatan annobar, ya kuma ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyayen suka yarda da baki. Iyayen da suka kai ƙara kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu cewa maganin na gwaji ne, ko kuwa suna iya ƙi su sami wani magani a nan kusa. Ba hurumina ba ne in yanke hukunci a kan abin da ya kashe kowane yaro, wannan aikin likitoci ne. Amma a lura da inda gardamar ta tsaya: me aka faɗa da Hausa, kuma me aka ji? Wannan tambaya tamu ce.

Inda harshe ya shigo

Mu ɗauki kalmar "gwaji". A bakin wanda ya saba zuwa asibiti, gwaji shi ne a ɗebi jini ko fitsari a duba a gano ciwo. In aka ce wa uwa za a yi wa ɗanta gwaji, abin da za ta ji ke nan, har ma ta yi murna an kula da shi. Ba za ta ji cewa maganin ne ake gwadawa, ɗanta kuwa shi ne magwajin ba. Kalmar "bincike" ma haka take, gama likita yakan binciki majinyaci kullum. Ita kuma kalmar "magani" a Hausa tana ɗauke da alkawarin waraka a cikinta, domin abin da ya magance matsala shi ake kira magani. Da zarar an kira abu magani, an riga an gaya wa mai sauraro cewa yana aiki, alhali kuwa abin da gwajin ke neman sani ke nan. Mai fassara yana iya kawo kowace kalma daidai da ƙamus, ma'anar ta kuɓuce masa.

Sa'an nan ga amsar da Bahaushe ke bayarwa. "To" tana da fuskoki da yawa: akwai ta yarda, akwai ta na ji, akwai ta ladabi, akwai ta wanda ba shi da yadda zai yi. Tarbiyyarmu ta kunya da kara ta hana mutum musa wa babba a gaban idonsa, balle likita mai farar riga wanda ya zo da taimako kyauta. Matar da ta taso daga ƙauye da yaro a goye, wuyansa ya sanƙare, ba ta cikin halin yin ciniki. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. In aka miƙo mata takarda da Turanci, ko da Hausar boko ma alhali ajami ta iya, aka ce ta dangwala, za ta dangwala. Takardar za ta kare asibiti a gaban alƙali, ita kuwa ba ta san abin da ta sa wa hannu ba.

Ƙa'idojin duniya sun daɗe da yin magana a kan wannan. Ƙa'idar Nurambag ta 1947, wadda ta biyo bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a kan fursunoni, ta sa yardar mutum bisa son ransa a kan gaba. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta ƙarfafa haka, Nijeriya ma ta fitar da nata kundin ɗa'ar binciken lafiya a 2007. Mu ma ba baƙonmu ba ne, domin malaman fiƙihu sun hana cinikin da ba a san abin saye ba, Bahaushe kuma yana kiransa cinikin biri a sama. In ba a yarda da shi a kan akuya ba, ina ga jikin ɗan'adam?

Akwai masu cewa mutumin ƙauye ba zai gane waɗannan abubuwa masu zurfi ba, kuma lokacin annoba ba lokacin dogon bayani ba ne. Amsar ta farko ita ce, manomin da yakan shuka sabon iri a gefe guda na gonarsa, tsohon iri a ɗaya gefen, ya jira kaka ya kwatanta damman, ya riga ya san gwaji tun kafin a haifi mai binciken. Wanda ya taɓa shiga watanda ya ga yadda ake kasa nama a fid da rabon kowa don kada a yi son kai, ba zai kasa gane dalilin ƙuri'a ba. Gazawar ta mai bayani ce. Ta biyu kuwa, gaggawar annoba ita ce ma dalilin da ya sa ya kamata a shirya bayanin tun ana zaune lafiya.

Abin da ɓacewar amana ta jawo

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohin Arewa bisa zargin an gurɓata shi, kuma labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004. Kafin ƙura ta lafa cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, har da Sudan da Yaman da Indunusiya, yara da yawa suka shanye. Sai a 2020 aka tabbatar an rabu da ita a nahiyar Afirka, ina nufin nau'inta na asali. Ba na cewa gwajin 1996 shi kaɗai ya haddasa wannan, gama akwai siyasa da waɗansu dalilai a ciki. Amma ya ba jita-jita ƙafar tsayawa, kuma yaran da ba a haifa ba a lokacin gwajin su ne suka biya bashin.

Aikin da ke kanmu

Na farko, ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su zauna da tsangayoyin likitanci su daidaita kalmomin binciken lafiya, kamar yadda magabatanmu suka yi wa nahawu da adabi. Amma kada a tsaya ga ƙirƙira a ofis. Kowace kalma a kai ta kasuwa da ɗakin awon ciki, a ji yadda mata da tsofaffi suka fahimce ta, wadda ta ɓatar da su a jefar.

Na biyu, kowane kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike a asibitin da galibin majinyatansa Hausawa ne, ya kamata a sami masanin harshe a cikinsa, wanda zai duba takardar neman yarda kamar yadda masanin haɗa magunguna ke duba awo. A rubuta ta da boko da ajami, a kuma naɗi karatunta a murya, da karin harshen yankin, domin Hausar Kano da ta Sakkwato da ta Damagaram ba su zama ɗaya a kowace kalma ba.

Na uku, akwai jimloli huɗu da bai kamata a rasa su ba, kuma a faɗe su ɓaro-ɓaro: ba mu tabbatar wannan abu yana warkarwa ba tukuna, ƙuri'a ce za ta zaɓi abin da za a ba ɗanki, in kin ƙi, za a yi masa magani kamar kowa, in kin yarda yau, kina iya janyewa gobe. Bayan haka a nemi uwar ta maimaita da bakinta abin da ta ji, a gaban shaidar da ba ma'aikacin masu binciken ba ne. In ta kasa maimaitawa, ba a sami yarda ba tukuna, sai a sake bayani.

Na huɗu, in an gama bincike a komo a gaya wa mutanen garin abin da aka gano, a fadar mai gari da gidan rediyo. Wanda ya ba da aron jikin ɗansa ya cancanci ya ji ƙarshen labari.

Kammalawa

Ɗalibin Hausa yakan sha tambayar, me za ka yi da wannan digiri? Ga amsa guda. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau, kuma waɗansu gwaje-gwajen na nan tafe, domin cututtuka ba su ƙare ba. Likita ya san awon magani, amma awon magana fanninmu ne, kuma in muka bar shi ga duk ma'aikacin da ya fi kusa da gadon majinyaci, mun yi sakaci da amanar da ke wuyanmu. Ina fata malamanmu za su duba yiwuwar sa fassarar lafiya cikin darussan sashe, 'yan'uwana masu neman batun kundin digiri kuma su leƙa wannan fage, gama gona ce da ba a yi mata ko sharar fari ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu amfani jama'armu da abin da muka koya, amin.