Salula Ba Madugu Ba Ce

Yau maganata da kai ce, kai mai shirin doguwar tafiya a ƙasa, ko kana kora dabbobin wani zuwa kasuwa, ko kana bin garke arewa da faɗuwar damina, ko ka ɗauki sanda da gora za ka ci-rani. Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu na Sabon Gari da Tibiri da Jiratawa, wai wanda ke da salula a aljihu ba ya bukatar tambayar hanya, ba ya bukatar takarda, ba ya bukatar shawarar tsoho. Ni kuwa na ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai iya cin rai.

Kada ka ce ina ƙin salula. Da ita makiyayi ke jin kuɗin rago a kasuwar Maradi tun yana daji. Da ita mutanen Madarumfa da Gidan Rumji ke gargaɗin juna in an ga ɓarayin shanu. Amfaninta ba ya musuntuwa. Amma kayan aiki ce kamar fartanya, fartanya kuwa ba ta noma sai da hannun da ya iya.

Bari mu duba yadda take aiki. Muryarka ba ta tashi kai tsaye zuwa gida, sai ta bi ta dogon ƙarfen nan da kake gani a gari da bakin babbar hanya. In ka yi nisa da shi, rezo ya ɗauke. Daga Maradi zuwa Dakwaro ya kai kilomita 120, wato kwana huɗu ko biyar ga mai tafiya a ƙasa. In ka bar kwalta ka bi burtali, balle ka wuce Dakwaro ka shiga kwarin Tarka, za ka ratsa wuraren da salula ba ta ji ba ta gani. A nan ne kuma batir ke saurin ƙarewa, don kuwa ta yi ta neman rezon da babu. Zafin bazara ma yana lalata batir. Lambobin waya a Nijar takwas ne. Ka faɗa mini tsakani da Allah, na mutum nawa ka haddace? In salula ta mutu, ko ta faɗa rijiya, ko aka ƙwace ta, ko wani ya ara maka tasa, wa za ka kira?

Wani zai ce ai akwai taswira a ciki. Gaskiya ne. Abin da ake kira GPS yana aiki da taurarin ɗan'adam da ke sama wajen kilomita 20,000, kuma yana iya nuna inda kake ko babu rezo. Amma sai ka sauke taswirar tun kana gari, sai kuma ka iya karanta sunan da aka rubuta a kai. Wanda bai iya raba Tibiri da Tasawa a rubuce ba, me taswira za ta yi masa? Ko ka iya karatun ma, taswira ba ta gaya maka rijiyar da ta ƙafe bana, ko burtalin da aka toshe da shuka, ko mai garin da ya kamata ka gaisar kafin dabbobinka su sha ruwa. Wannan ilmi a bakin mutane yake. Matambayi ba ya ɓata.

Dubi waɗanda suka fi mu sanin doguwar tafiya. Ayarin gishiri na Abzinawa yana ratsa Tenere daga wajen Agadas zuwa Fashi da Bilma, tafiyar wajen kilomita 600, tun kafin a san lantarki. Madugu ne ke gaba, da taurari da tudun rairayi yake gane hanya, kuma ya san kwana nawa ke tsakanin ruwa da ruwa. Ka tuna kuma abin da ya faru a hamada a watan Oktoba na 2013, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motoci suka lalace, mutane suka shiga tafiya a ƙasa neman ruwa, aka tsinci gawa 92, yawancinsu mata da yara. Allah ya ji ƙansu. Dajinmu bai kai hamada ba, amma ƙishirwa ɗaya ce ko'ina.

To, ga abin da nake kira gare ka ka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka tashi, zauna da wanda ya bi hanyar bara, ka rubuta sunayen garuruwa da rijiyoyi bi da bi a takarda. Rubuta lambobi biyar na mutanenka, da sunanka da na garinku, ka naɗe a leda, ka sa a aljihun da ba na salula ba. In ba ka iya rubutu ba tukuna, ka sa a rubuta maka wannan karon, amma ka zo aji ka koya, don kada ka riƙa bara a kan abin da hannunka ke iya yi. Gaya wa mutanen gida hanyar da za ka bi da ranar da za su ji ka. A daji kashe salula, ka kunna ta safe da yamma kan tudu. In da hali, sayi ƙaramin faranti mai sa wuta da hasken rana. Kada ka ƙarar da batir wajen sauraren waƙa. Kada kuma nauyin kayan wuta ya sa ka rage ruwa.

Ɗauki salularka, ba wanda ya hana ka. Amma ka bar ta a matsayinta na yaron ayari, madugu kuwa shi ne hankalinka da tambayarka da takardarka. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Allah ya kai ku lafiya, ya maido ku lafiya, amin.