Takarda Ta Maƙale: Laifin Inji Ne Ko Namu?

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Yekuwa, Magariya da Dungas ya san cewa a yau fatauci ba ya tafiya sai da takarda. Tun da aka kafa ƙananan hukumomi a Nijar a 2002, aka yi zaɓensu na farko a 2004, sannan Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ofisoshi sun matso kusa da talaka, kuma kusan kowane ofishi ka shiga kwafi zai nema. Mai kai dabbobi Maigatari yana buƙatar kwafin katin ɗan ƙasa. Matan da ke cikin ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka faro a yankin Maraɗi a 1991, su ma in za su nemi rance sai sun haɗa takardu. Ga na duwan, ga na haihuwa in za a sa yaro makaranta.

To amma sau nawa ake barin rumfa a hannun yaro, a je shagon fotokopi ranar kasuwa, a tarar da layi ya tsaya cik, mai shago ya buɗe cikin inji yana cewa takarda ta maƙale? Awa guda ta wuce, ciniki ya wuce, wani lokaci ma motar komawa gida ta tashi. Kowa sai ya ɗora wa inji laifi, a ce tsoho ne, ɗan Kwatano ne. Mu dai a ganinmu ruwa ba ya tsami banza. Yawancin wannan maƙalewa daga hannunmu take fitowa, mu masu sayar da takardar, da masu shagon, da masu kawo aikin.

Bari mu fara da takardar kanta, tunda 'yan kasuwa ne ke sayar da ita. Ƙunshin A4 guda yana ɗauke da falle 500, kuma wadda injuna suka fi so ita ce mai nauyin giram 80, an rubuta a jikin ƙunshin. Takarda tana shan danshi kamar gishiri. In aka ajiye katan a ƙasa da damina, ko aka yage ƙunshi aka bar shi a buɗe, fallayen za su yi laushi, da sun ji zafin cikin inji sai su lanƙwashe su maƙale. Da hunturu kuma bushewa ce ke sa su manne da juna, inji ya ja biyu ko uku a lokaci guda. Don haka mai saye ya duba nauyin, kada ya bi mai sauƙin kuɗi kawai, domin araha ba ta ado. Mai sayarwa kuma ya ɗora kayansa a kan katako, nesa da bango mai jiƙa, kada ya buɗe ƙunshi sai za a yi aiki da shi.

Sai masu shago. A bakin injin akwai wata 'yar taya ta roba, ita ce ke jan takarda ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar ƙasarmu, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, tana kwanciya a kanta har ta yi santsi, ta riƙa zamewa. Maganin bai kai kuɗin goro ba: a kashe inji, a goge robar da ƙyalle mai tsabta da aka ɗan jiƙa da ruwa, a bari ta bushe. In ta cinye ta yi sumul, a canza ta. Kafin a zuba takarda a kaɗa ta a hannu iska ta ratsa tsakanin fallayen, a daidaita gefenta, kada a cika aljihun ya wuce alamar da aka zana, a matso da maƙallan gefe daidai faɗinta. In an tashi aiki a lulluɓe inji. Ko keken ɗinki ana rufe masa kai, balle abin da aka zuba masa jari mai yawa.

Idan kuma ta riga ta maƙale, a nan ne ake yin babbar ɓarna. Sau da yawa za ka ga an ɗauko wuƙa ko almakashi ana zungurar ciki. Gaggawa aikin Shaiɗan ce. A cikin injin da ke aiki da garin tawada akwai wani sashe da ke gasa rubutu a kan takarda, zafinsa yakan doshi digiri 200, yana ƙona hannu, kuma fatar da ke jikinsa da bakin wuƙa ya taɓa ta shi ke nan. Haka gangar da ke ɗaukar hoton rubutu, in ta sami ƙarzuwa kowane kwafi da baƙin layi zai fito. Abin yi shi ne a kashe wuta, a dakata ya huce, a buɗe ƙofofin, a kama takardar da hannu biyu a ja a hankali ta hanyar da take bi in za ta fita. A tabbata ba a bar ko ɗan guntu ba, domin guntun da ya rage shi ke haifar da maƙalewa ta gaba. Wanda ya yi garaje ya karya wani abu, sai ya nemi kayan gyara a Damagaram ko Kano, shago a rufe kwana da kwanaki.

Ba mu ce wuta ba ta da nata kason ba. In lantarki ya ɗauke ana tsakiyar bugu, dole takarda ta tsaya a ciki, kuma kowa ya tuna wahalar da aka sha bayan da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023. Ƙaramin janareta ma ba ya iya ɗaukar babban inji lokacin da yake ɗumama. Amma wanda ya buɗe shago ya san inda ya buɗe shi, ya kamata ya auna ƙarfin wutarsa kafin ya sayi inji.

Yanzu sai mu, masu kai aiki, musamman iyayenmu mata. Takardar da aka ninke sau takwas aka ɗaure a bakin zane, ta sha gumi ta sha man gyaɗa, ba ta da ƙarfin bin cikin inji. Kada ki yarda a zura takardarki ta asali ta bakin nan na sama mai jan takardu da kansa. Ki ce a shimfiɗa ta a kan gilashi. In kwafi ya yage, asarar 'yan daloli ce. In ta asali ta yage, sai sintiri a ofishin magajin gari ko kotu, da kuɗin mota, da ranakun kasuwa da za su salwanta. A cire ƙusar da aka maƙala takardu da ita kafin a miƙa. Rasiɗin aika kuɗi, irin mai santsin nan, kada a kai shi a manna masa leda, zafi yana mai da shi baƙi ƙirin. A yi masa kwafi tun rubutun bai dushe ba. Sannan a sayi jakar leda ta takardu, a yi kwafi biyu ko uku a ranar da ba ta kasuwa ba, a ajiye.

Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da hukumomin Yekuwa, Magariya da Dungas da su tura matasa su koyi gyaran waɗannan injuna, yadda aka sami masu gyaran babur da wayar salula a kowane gari. Sana'a ce mai ci, kuma kuɗin zai tsaya a gida. Kafin nan, kowa ya gyara nasa ɓangaren, tunda rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.