A Ji Ta Bakin Maƙwabta Tukuna

Akwai wani al'amari da ya yawaita a manyan garuruwanmu, musamman Kano da Kaduna da Zariya, wanda ya kamata mu jawo hankalin ma'aikatan hukuma a kansa. Mutum ya kan sami fuloti bisa sharaɗin zai gina gidan zama, bayan 'yan shekaru sai ya kai takarda ofis yana roƙo a yarda masa ya mai da shi gidan mai, ko masauki, ko ɗakin biki, ko makaranta. Galibi maƙwabtansa ba su jin labari sai ran da suka ga leburori suna rushe katanga.

Roƙon nan ba laifi ba ne. Gari yana girma, hanyar da jiya jakuna kaɗai ke bi yau ta zama titin kasuwa, mai gida kuwa yana da iko ya nemi amfani da dukiyarsa. Amma fa wanda ke zaune jikin katangarsa shi ma yana da haƙƙi. Shi zai sha ƙarar inji da dare, ƙofarsa motoci za su tare, kwatarsa za ta cika ta yi ambaliya da damina. Wani lokaci ma abin ya kan kai ga rai. A watan Janairu na 1920 da ɗari, watau 2020, wani shagon ɗura gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna, mutane suka halaka, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya.

Kakanninmu sun san wannan magana tun kafin zuwan Turawa. Wanda ya zaga tsohon birnin Kano zai ga marina da majema da mahauta kowace da wurinta, don kada wari da hayaƙi su dami masu zama. A zamanin En'e kuwa, ba a yanka wa mutum fili sai da sanin mai unguwa, shi kuwa mai unguwa ya san kowa da maƙwabcinsa. Aka gyara tsarin ƙananan hukumomi a 1976, sa'an nan dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun Gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce a kafa hukumar tsari a tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kada kuma a ta da gini sai da izini. Kano tana da KNUPDA, Kaduna tana da KASUPDA. Ashe dai dokoki da ofisoshi ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne muryar maƙwabci, wadda dā mai unguwa ke kai wa hakimi.

To, ga shawararmu. Duk ran da takardar roƙo ta iso ofis, a liƙa sanarwa a jikin gidan da ƙofar mai unguwa, da Hausar boko da ajami, a faɗi ainihin abin da a ke son yi, a kuma sa ranar da za a saurari jama'a. Ran zaman, akawu ya rubuta maganar kowa, har da ta matan aure da ba su fita, waɗanda su ne ke wuni a gida cikin ƙarar. Jami'i ya je wurin da ƙafarsa ya auna faɗin hanya, ya duba magudanar ruwa, ya ga ko akwai makaranta ko asibiti kusa. In an yanke hukunci a rubuta dalili, kowa ya sami kwafi. Ba lalle ne a hana ba. Mai kanti da tela ba su cutar kowa, wani roƙon kuma a kan yarda da shi bisa sharaɗi, kamar a kashe inji da ƙarfe goma na dare. Maƙwabcin da hassada kaɗai ta kawo shi, zaman fili zai tona shi.

Malaman makaranta su ma maganar ta shafe su. Gidan ɗaki huɗu da aka mai da shi makaranta, ba filin wasa, ba isasshen ban ɗaki, cuta ne ga yara kafin maƙwabta. Malami mutum ne mai karatu a unguwarsa, sai ya karanta wa jama'a sanarwa, ya taimake su rubuta kukansu cikin ladabi.

Ku kuma akawuna, ku tuna takardar da ta bi ta teburinku cikin minti biyar za ta zauna da mutanen unguwa shekara hamsin. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Sauraron maƙwabta na mako uku ya fi sauƙi bisa ga rushe bene bayan an gama shi, ya kuma fi araha bisa ga shari'a. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.