Wane Lauya Ne Ya Dace Da Ma'aikacin Da Ya Ji Rauni A Bakin Aiki?

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, ko wuraren manyan gine-gine a Kaduna da Abuja, ya san ba a rasa ma'aikacin da inji ya datse masa yatsu, ko leburan da ya faɗo daga kan bene, ko wanda ƙarar injuna ta shekara da shekaru ta kashe masa kunne. Ma'aikatan gwamnati ma ba su tsira ba, domin akwai direban ofis da ya yi haɗari a hanyar aike, akwai kuma ma'aikaciyar asibiti da ta ɗauki cuta wajen jinyar mara lafiya. Bayan an yi jaje an watse, sai dangi su ce a nemi lauya. To, a nan ne akasarin mutanenmu ke yin asara ta biyu.

Yawanci ɗayan uku ake ɗauka: ko ɗan'uwan da ya karanta shari'a, ko wanda sunansa ya fi fitowa a rediyo, ko kuwa wanda ya aiko ɗan kamasho har bakin gadon asibiti. A ganina babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa dalili. Abin da ya kamata a auna lauya da shi shi ne sanin dokar diyyar ma'aikata da kwanakin da ta ɗiba, kuma mai rauni ba zai iya auna shi ba sai shi ma ya san wani abu game da ita.

A dā, ƙarƙashin dokar soja ta 1987, mai kamfani ne ke biyan diyya da kansa, sau da yawa kuwa sai an kai ruwa rana. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta ɗora aikin a wuyan hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, watau NSITF. Dokar ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko kamfani, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar, ta kuma hana shi yanke wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Sojoji ne kaɗai aka ware daga cikinta. Babban alherinta shi ne ba a bukatar mai rauni ya tabbatar da cewa laifin maigidansa ne. Ya isa a nuna cewa raunin ya auku ne ta dalilin aiki kuma a cikin aiki. Ta ƙunshi cututtukan da sana'a ke jawowa, da kurmancewa, da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Wanda ya nakasa ɗungum har abada kuwa, an tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

Amma fa dokar tana da agogo. Ma'aikaci, ko iyalinsa idan rasuwa aka yi, dole su sanar da maigidan aiki cikin kwana 14 da aukuwar abin. Shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya sai an shigar da ita cikin shekara ɗaya. Idan akwai uzuri mai ƙarfi hukumar na iya karɓa har zuwa shekara uku, amma wannan rangwame ne da bai kamata kowa ya dogara da shi ba. Wanda hukuncin hukumar bai gamsar da shi ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ga ma'auni ke nan a hannun mai karatu. Ranar da ka zauna gaban lauya, tambaye shi kwana nawa ya rage maka, kuma ina zai kai maganar. Idan ya fara lalube, ko ya ce zai garzaya babbar kotun jiha, yi masa godiya ka tashi. Tun gyaran tsarin mulki da ya fara aiki a 2011, sashe na 254C ya keɓe shari'o'in ƙwadago ga Kotun Ma'aikata, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da Jos da wasu birane. Wanda ya kai ƙararsa inda ba hurumi na iya shafe shekaru yana zarya, a ƙarshe a ce masa ya ɓata hanya. Lauyan da ya ƙware a rabon gado ko rikicin fili ko shari'ar zaɓe ba lalle ne ya san wannan fage ba, kuma ba abin kunya ba ne ya faɗa. Ko likitan ido ba ya ɗora karaya.

Alama ta biyu ta lauya nagari ita ce ya iya ce maka ba ka bukatar kotu. Idan wurin aikinka ya yi rajista yana biyan kasonsa, galibi abin da ake bukata shi ne cike takardun hukumar, da rahoton likita, da rasiɗin magani, da shaidar albashi. Sakataren ƙungiyar ƙwadago mai himma zai iya taimaka maka da wannan ba tare da ka biya ko kwabo ba. Ɗaya hanyar ita ce ƙarar sakaci, watau ka tabbatar wa alƙali cewa an bar inji ba murfi, ko an hana ka safar hannu da hular kwano, ko an ɗora ka kan aikin da ba a koya maka ba. Tana iya kawo kuɗi masu kauri a dunƙule, tana iya cin shekaru, tana kuma iya ƙarewa a tashi hannu rabbana. Doka ba ta yarda a karɓi diyya sau biyu kan rauni ɗaya ba, saboda haka bin wata hanya na iya toshe ɗayar. Lauyan da ya ambaci miliyoyi tun kafin ya ga rahoton likita, bai kuma yi maka bayanin wannan zaɓi ba, aljihunsa yake dubawa.

Inda lauya ke zama dole shi ne idan wurin aikin bai yi rajista ba, ko ya ƙi kai rahoto, ko ya ce ai kai ɗan kwangila ne ba ma'aikacinsa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne. Hukumar NSITF da kanta ta sha kokawa kan kamfanoni da gwamnatocin jihohi masu jan ƙafa wajen biyan kasonsu. Haka nan idan an miƙo maka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba tare da takardar cewa ka yafe duk wani hakki. Dokar 2010 ta ce irin wannan yarjejeniya ta yafe diyyar da ta tanada ba ta da ƙarfi ko kaɗan, amma duk da haka kada ka sa hannu, kada ka dangwala, sai wanda ya san doka ya karanta maka. A tabbata kuma wanda zai karanta ɗin ba lauyan kamfanin ba ne, ba kuma wanda manaja ya nuna maka ba, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Shi kuwa mai aiko ɗan kamasho asibiti, ya riga ya nuna halinsa. Ka'idojin sana'ar lauyoyi a Nijeriya sun haramta bin sawun waɗanda suka yi haɗari don neman aiki, ko tura wakili ya yi haka. Wanda ya karya ka'idar sana'arsa don ya same ka, me zai hana shi karya alkawarin da ya yi maka? Wani ma ba lauyan ba ne sam. Kowane lauya na gaskiya sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma tun 2015 takardunsa na ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai sunansa da lambarsa. Kada a raina irin waɗannan abubuwa: a 2007, cikin shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu domin kawai an sa musu hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya.

Sai maganar lada, wadda kunya ke hana mu yi da wuri, ta kuma jawo rigima daga baya. An yarda lauya ya ɗauki shari'ar diyya bisa sharaɗin zai karɓi wani kaso idan an yi nasara, muddin kason bai wuce hankali ba. Wannan sauƙi ne ga talaka, amma a rubuta: kashi nawa, wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na rahoton likita, kuma kafin a cire kason za a fitar da su ko bayan. Kuɗin da aka biya dominka amana ce da ke da asusunta dabam, ba a gauraya ta da kuɗin lauya. Wanda ya ci ta ana iya kai shi gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon soke sunansa daga rajista. Wanda kuwa ba shi da hali ko kaɗan, akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976. Dokarta ta 2011 ta ambaci diyyar ma'aikata cikin abubuwan da take tsaya wa mutum kyauta, idan abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar Naira 70,000 a 2024.

Na san wani zai ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Lalle ƙaddara gaskiya ce, amma neman diyya ba butulci ba ne, kalmar ma da ita muka tashi. Kuɗin nan an riga an ware su tun ranar biyan albashi domin irin wannan rana, kuma 'ya'yan mai rauni suna da hakki a cikinsu. Ya kamata rassan ƙungiyoyin ƙwadago na jihohi su tanadi sunayen lauyoyin da suka saba da Kotun Ma'aikata, su kuma liƙa sanarwa da Hausa a ƙofar kowace masana'anta da sakatariya mai nuna kwana 14 ɗin nan da shekara ɗaya, domin mai kwance a gadon asibiti ba ya ƙidayar kwanaki.