Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san yadda mutanenmu suke adana kuɗinsu a da. Falke ya sauke shanu a Agege, ko albasa da tumatir a Mile 12, ko ya je ɗaurin goro Shagamu, in ciniki ya faɗa sai ya zuba kuɗinsa a lalita ya ɗaura a ƙugu, ko kuwa ya kai wa maigidansa ajiya har ranar komawa gida. Ɓarawon da zai raba shi da su tilas ya zo da ƙafarsa. Yau lalita ta koma cikin waya da kwamfuta. Tun ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon shekarar 2023, har mai shayi da mai tsire sun koma karɓar kuɗi ta waya. Ɗan canji da mai POS kuwa ba a maganarsu, duk jarinsu a kan intanet yake kwana.

Saboda haka gidaje da shaguna da yawa a Sabo ta Ibadan, da Idi-Araba, da Obalende, da sauran zangunanmu, sun sayi ɗan akwatin nan mai raba intanet, wanda ake kira rauta, ko ƙaraminsa na aljihu. Abin da ya dame mu shi ne, mutum zai kashe kuɗi ya sa wa shagonsa ƙofar ƙarfe da kwado biyu, amma akwatin da duk sirrinsa ke bi ta cikinsa ya bar shi yadda ya fito daga kwali. Daga baya in aka tsorata shi, sai ya ruga kasuwa neman manhajar tsaro, ya sayi duk abin da aka miƙa masa. A ra'ayinmu an juya al'amarin. Fara rufe ƙofar da kake da ita, sa'an nan a yi zancen sayen wani abu.

Bari mu fara da abin da masana ke kira fayawol, watau katangar tsaro. Kwamfuta tana da ƙofofi fiye da dubu sittin da biyar waɗanda saƙo ke shiga da fita ta cikinsu. Aikin katangar nan daidai yake da na maigadi, aikin da mutanenmu suka fi kowa sani a garuruwan nan. Wanda maigida ya aika a kira, in ya iso sai a buɗe masa. Wanda ya zo haka kawai yana taɓa ƙofofi don ya ga wadda ke buɗe, sai a hana shi. Masu taɓa ƙofofin nan kuwa ba su barci, don na'urori ne aka saka suna zagaya intanet dare da rana. Ba ruwansu da ko kai attajiri ne ko mai faci. Kowace ƙofa suka samu a buɗe shiga suke yi.

Kada wani ya ce tatsuniya ce. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban rautoci da kyamarorin tsaro a ƙasashe daban-daban, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai don masu su ba su canja kalmar sirrin da kamfani ya sa musu ba. Da waɗannan na'urori na bayin Allah aka kai harin da ya tsayar da manyan shafuna irin su Twitter da Netflix a Amurka cikin watan Oktoba na shekarar. A watan Mayu na 2017 kuma wata da ake kira WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida, tana neman a biya fansa kafin ta saki takardun mutane. Ta ƙofa ɗaya take shiga, mai lamba 445. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba.

To, wace katanga ya kamata mutum ya zaɓa? Amsarmu ba za ta yi wa masu talla daɗi ba. Mai kwamfutar Windows yana da tasa a ciki, kyauta, kuma tun shekarar 2004 take zuwa a kunne. Ga magidanci da ƙaramin ɗan kasuwa ta wadatar. Abin da ya rage masa shi ne ya leƙa sashen tsaro ya tabbata ba a kashe ta ba, domin sau da yawa masu gyara kan kashe ta don wata manhaja ta hau, su manta ba su mayar ba. Mai kwamfutar Apple shi ma yana da tasa, amma ita sai ya kunna da hannunsa. Rautar gida ma tana tare baƙon da ba a kira ba. Ke nan maigadi biyu gare ka tun ba ka kashe kwabo ba, ɗaya a bakin zaure, ɗaya a ƙofar ɗaki.

Wanda harkarsa ta yi girma, yana son ya ga kowace manhaja da ke fitar da saƙo daga kwamfutarsa, ba laifi ya nemi ƙari. Amma ya kiyaye abu huɗu. Na farko, ya ɗauko daga shafin kamfanin da ya yi ta, ban da wadda aka fasa ake sayarwa a faifai ko a tura ta a filas, gama sau da yawa ɓarawon yana cikinta, ka ga an ba kura ajiyar nama ke nan. Na biyu, ya duba ko har yanzu kamfanin yana sabunta ta. Na uku, kada ya haɗa biyu a kwamfuta ɗaya, don sukan yi karo su bar ƙofa a buɗe. Na huɗu, ya zaɓi wadda zai iya fahimtar tambayoyinta. Wadda ke damun mutum da tambaya kowane minti, ƙarshenta ya gaji ya riƙa danna amincewa ido rufe. In kuwa kana cikin duba wani shafi sai rubutu ya faɗo yana kururuwa wai kwamfutarka ta kamu, danna nan ka tsira, to, wannan shi ne tarkon. Rufe shafin ka yi gaba.

Masu sayen kwamfuta ta hannu, su ne kuwa mafi yawanmu, su lura da wannan. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na kowa da kowa ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar da ba ta samun sabuntawa kamar ginin ƙasa ne da aka daina yi wa yaɓe, kowace damina sai ya ƙara tsagewa. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa wace iri ce a kai, kuma ko ta asali ce.

Yanzu sai ita rautar. Kalmar sirri biyu gare ta, mutane da yawa ɗaya kaɗai suka sani. Akwai ta shiga waifai, wadda ake ba mai son hawa. Akwai kuma ta shiga cikin akwatin kansa a canja tsarinsa, wadda galibi takan zo da kalma mai sauƙi da duk mai irin akwatin ya sani. Adireshin shiga yana rubuce a gindin akwatin ko a cikin murfinsa. A canja duka biyun ran da aka saya. Kada a sa lambar waya, ko sunan ɗa, ko shekarar haihuwa. A haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka, a sa lambobi a tsakani, a rubuta a takarda a adana inda ake adana takardun gida. A wajen nau'in kulle a zaɓi WPA2 ko WPA3, kada a yarda da WEP, don an daɗe da karya shi. A kashe WPS, a kashe kuma damar sarrafa akwatin daga nesa. In ya nemi sabuntawa a bar shi ya yi.

Mun san halin zamanmu. Gidan haya ne, ɗaki na kallon ɗaki, baƙo daga gida ba ya yankewa, kuma abin kunya ne ɗan'uwa ya roƙi intanet a hana shi. Ba mu ce a yi rowa ba. Rautoci da yawa suna da layin baƙi daban, wanda ke ba mutum intanet ba tare da ya kai ga kwamfutar da ake lissafin shago a kai ba. A buɗe wannan don maƙwabta, kamar yadda ake sauke baƙo a zaure ba a kai shi ɗakin uwargida ba. In yaron shago ya bar aiki, a canja kalmar sirri a ranar.

Sai dai fa a sani, komai ƙwazon maigadi ba ya hana wanda maigida ya riƙo hannunsa ya shigo da shi. Ba katangar da za ta cece ka in wani ya bugo waya ya ce daga banki yake, kai kuma ka karanta masa lambar katinka, ko lambar nan ta sirri da ake aikowa ta saƙo. Banki ba ya tambayar waɗannan. Haka nan manhajar da aka turo ta WhatsApp da sunan tallafi ko bashi, kada a sauke ta. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, ya sanar da bankinsa nan take a rufe asusun, sa'an nan ya kai ƙara. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ɓoye asara don jin kunya ɓarawo kaɗai yake amfana.

Muna kira ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da ta dubi abin da Birtaniya ta yi a watan Afrilu na 2024, inda ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai saukin ganewa. Kamfanonin da ke sayar mana da rauta kuma, tun da sun iya yi mana talla da Hausa, su buga mana takardar bayani da Hausa su sa a kwali. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su nemi samarinmu masu ilmin kwamfuta, ga su nan da yawa a kowane zango, su keɓe rana ɗaya bayan sallar Juma'a a duba wa jama'a na'urorinsu a fili, kowa ya sa kalmar sirrinsa da hannunsa.

Kowannenmu ya baro gida ne don ya nemi abin rufin asiri, kuma akwai bakuna da yawa a Arewa da ke jiran abin da zai aiko. Aikin da muka zayyana bai fi na rabin sa'a ba, ba ya kuma cin ko kwabo. A yi shi yau, kada a bari sai gobe. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana guminmu, amin.