Gawon Matamaye da labarin da ya makara

Lokacin da nake yaro a wani ƙauye kusa da Matamaye, in rediyo ya ɗauko zancen itace, to zancen hamada ne: tana tahowa, kuma gatarin talaka ne ke share mata hanya. Kowace ranar 3 ga Agusta sai a sanar da yawan bedin da manya suka dasa, musamman bayan taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984. Mu 'yan makaranta ne masu ɗebo ruwan ban dashen. Kafin rani ya raba, awaki sun cinye mafi yawansa, wannan kuwa ban taɓa jin an sanar da shi ba.

A gonarmu wani abu dabam nake gani. In lokacin sassabe ya zo, baba kan bi tohon gawo ɗaya bayan ɗaya yana sarewa tun bai kai gwiwa ba. Ya fi kowa sanin amfaninsa: gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, gindinsa kuma nan ne zangarniya ta fi kauri. Amma a ƙarƙashin dokar gandun daji ta 1974, gawon da ya girma a gonarka ba ka da iko da shi. Ka sare reshe guda, sai tara. Na ga ranar da baba ya sayar da ɗan akuya saboda reshen da ya datse wa shanunmu, kuma har yau abin na yi mini ciwo.

Bayan yunwar 1984 al'amari ya fara juyawa a hankali. Sintirin ma'aikatan gandun daji ya yi sauƙi, dokar filayen karkara ta 1993 ta ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa. Mutane suka koma barin toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, su sassabe sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Ba sayen dashe, ba ban ruwa, saiwar dama tana nan cikin ƙasa.

An yi shekara kusan 20 ana haka ba tare da ya zama labari ba. Sai a 2006 masu bincike Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokan aikinsu suka bincika Magarya da Matamaye da Mirriya, daga baya kuma hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna cewa a Nijar an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A 2007 jaridar New York Times ta buga labarin, duniya ta waiwayo. Sunan da ya fi fita shi ne na Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya fara aikin sassaben zamani a Maraɗi a 1983. Ya cancanci yabo, ba na musu. Sai dai a ƙasarmu ta Damagaram, inda har yau ake ba da labarin tsananin Sarki Tanimu kan mai sare gawo, maƙwabci ne ya gani a gonar maƙwabci ya kwaikwaya.

A Yulin 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya mallaka wa manomi itacen da ya raina a gonarsa. Baba bai kai lokacin ba. Da ranin bara na je gonar, na tarar da ƙanwata tana tsince 'ya'yan gawo a buhu za ta kai kasuwa. Na ƙirga gawo 31 a wurin da na san guda 4.